Ganin Baba ya fara raguwa: yana ce ko hawan jinin ido?

Uwar Zaure: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayoyi sun taru kan idon tsofaffi, kuma kusan duk iri ɗaya ne: Baba ko Inna gani ya fara dishi-dishi, an ce yana ce, a jira ta nuna. Likitocinmu da ma'aikatan ido, a taimaka mana. Ta yaya 'ya'ya za su gane ciwon da za a iya jira da wanda ba ya jira?

Likitan Ido: Wa alaikumus salam, Hajiya. A gida ba za a iya rarrabewa ba, kuma a nan ake asarar idanu. Manyan masu cinye ganin dattawanmu biyu ne: yanar ido da hawan jinin ido, wato gilakoma. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya samu cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. A cikinsu, yana ce ta makantar da kashi 43 cikin ɗari, gilakoma kuma kusan kashi 17.

Wanda yana ta rufe wa ido, ko ya shekara uku da ɗan jagora, muddin jijiyar gani lafiya take, aikin minti 20 zuwa 30 ne, washegari a cire bandeji ya ga jikokinsa. Wanda gilakoma ta ci jijiyarsa kuwa, abin da ta ci ya tafi. Magani da tiyata tsayar da ita kawai suke yi a inda ta kai. Saboda haka wanda ya ce wa tsoho "yana ce, a jira" alhali ba a auna matsin idon ba, ba a leƙa jijiyar ba, caca yake yi da idon mutum.

Uwar Zaure: To Dakta, ko da alamu ba za a ɗan samu haske ba?

Likitan Ido: Za a samu, amma na hasashe. A bayan baƙin ido akwai ɗan madubi garai-garai, faɗinsa kusan santimita ɗaya, shi ke tattara haske. Da shekaru sai ya riƙa dushewa, wannan ita ce yana. Mai ita yana ganin hazo ko'ina, hasken rana ya kashe masa ido, fitilar mota da dare ta tarwatse masa, launuka su koɗe. Babu zafi, babu ja. Wani tsohon ma sai ya ajiye gilashin karatunsa yana murna ido ya dawo, alhali tsakiyar madubin ne ya fara tauri ya sauya ƙarfinsa.

Gilakoma dabam ce. Ido yana samar da wani ruwa a cikinsa kullum, ruwan na fita ta wata siririyar magudana a lungun da ke tsakanin baƙin ido da tantanin gaba. In magudanar ta cushe, matsi ya hau, sai ya riƙa kashe zaren jijiyar gani a hankali. Matsin lafiyayyen ido yawanci tsakanin 10 da 21 ne. Daga gefe gilakoma take fara cin gani. Mutum yana karanta Alƙur'ani sarai, amma yana tuntuɓe da buta, yana karo da ƙyauren ƙofa, babur ya zo ta gefensa bai gani ba. Ido ɗaya yana rufa wa ɗaya asiri, shi ya sa da yawa ba sa zuwa asibiti sai ɗaya ya mutu gaba ɗaya. A baƙar fata tana farawa da wuri, tana kuma gudu fiye da a Turawa. Kuma kada a ce an auna hawan jinin Baba a hannu lafiya lau, don haka ido ma lafiya. Awo biyu ne dabam.

Mai Gwajin Gilashi: Ranka ya daɗe Dakta, bari in ƙara abu biyu. Na farko, a daina dogara da tocila. Idon tsoho ko babu yana mai hana gani, in ka haska sai ka ga tsakiyarsa ya yi toka-toka. Nan ne ake yanke hukunci a kemis ko a ƙaramin asibiti a ce yana ce. Na biyu, akwai gwajin da kowa zai iya a tsakar gida: tsoho ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ba tare da dannawa ba, ya dubi abu mai nisa kamar kalanda a bango, sannan ya sauya. In akwai bambanci tsakanin idanun biyu, asibiti.

Sai maganar gilashin kasuwa. Daga shekara 40 kowa yana fara nisanta takarda kafin ya karanta, wannan tsufan madubi ne, ba cuta ba. Lambar tana tafiya kusan haka: +1.00 a shekara 40, +1.50 a 45, +2.00 a 50, +2.50 daga 55, ba kasafai take wuce +3.00 ba. Gilashin tire ba ya lalata ido, a daina tsorata mutane da wannan. Illarsa ita ce mutum ya saya, karatu ya gyaru, ya shekara goma ba wanda ya taɓa auna masa matsi. Ranar da ka fara bukatar gilashin karatu, ranar ce ta cikakken gwajin ido na farko.

Uwar Zaure: Me ake nufi da cikakken gwaji? Don wasu allo kawai ake nuna musu su karanta, a sallame su.

Likitan Ido: Allo mataki na farko ne kawai. Sai awon matsi, sai a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido a jira minti 20 zuwa 30 a leƙa jijiya da tantanin gani na baya. In jijiyar ta yi rami da yawa, sai gwajin faɗin gani, inda mutum ke kallon cikin na'ura yana danna maɓalli duk sanda ya ga ɗigon haske. Matsi kaɗai bai isa ba, akwai masu gilakoma da matsinsu bai taɓa wuce 21 ba. Bayan ɗiga maganin buɗewa gani zai yi hazo na awa huɗu zuwa shida, kada mutum ya zo da babur shi kaɗai. Kuma duk wanda aka tabbatar masa da gilakoma, 'yan'uwansa na ciki ɗaya da 'ya'yansa da suka kai 35 zuwa 40 su je a duba su. Tana bin gida.

Ɗan Famasi: Tunda an zo kan gilakoma, ga inda magani ke lalacewa a hannun mutane.

A magungunan ɗigawa a ido, timolol mai kashi 0.5 cikin ɗari shi ne mafi araha, ɗigo ɗaya sau biyu a rana, tazarar awa 12. Mai asma ko mai bugun zuciya a hankali kada ya sa shi, don yana bi ta hanci ya shiga jini ya toshe numfashi. A gaya wa likita tun kafin ya rubuta. Latanoprost sau ɗaya ne, da dare. Ƙara shi sau biyu ba ya ƙara aiki, rage shi ma yake yi. Wanda ba a buɗe ba a firji ake ajiye shi, in an buɗe ba ya son zafin da ya wuce digiri 25, kuma kun san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. In babu wuta, a sa kwalbar cikin ƙaramin gwangwani mai murfi a ajiye a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Kwalbar da aka buɗe, bayan wata ɗaya a sauya.

Yadda ake ɗigawa: a wanke hannu, a ɗaga kai, a ja fatar ido ta ƙasa, ɗigo ɗaya tak. Ido ba ya riƙe fiye da haka, na biyu a kumatu zai zube, kwalbar wata ɗaya ta ƙare a sati biyu. Bakin kwalbar kada ya taɓa gashin ido. A rufe ido, a danna lungun da ke kusa da hanci da yatsa na minti biyu. In magani biyu ne, a ba da minti biyar tsakani, in ba haka ba na biyun zai wanke na farko. Tsoho mai rawar hannu a sa wani yaro tsayayye ya riƙa ɗiga masa, ba duk wanda aka gani ba.

Ƙwayar acetazolamide da ake sha don sauke matsin ido kuma ta ɗan lokaci ce, ba ta shekaru ba. Tana sa yatsu su yi tsam-tsam, tana iya kawo tsakuwar ƙoda, kuma ba a ba mai sikila.

Jami'in Lafiya na Karkara: Malam, duk abin da ka faɗa daidai ne a takarda. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Manomi mai shekara 60, nisansa da babban kemis kilomita 40, a ce ya sayi kwalba kowane wata har ƙarshen rayuwarsa, kuma maganin ba ya ƙara masa gani ko kaɗan. Kwalba ɗaya yake saya, ta ƙare, ya ga ba sauyi, ya ce bai karɓe shi ba. Ni a ganina mutumin karkara a yi masa tiyata tun farko ya fi.

Likitan Ido: Ina tare da kai fiye da rabi. A tiyatar gilakoma ana buɗe wa ruwan sabuwar ƙofa ta ƙarƙashin fatar ido ta sama, ana shafa wani magani, mitomycin, don kada wurin ya warke ya rufe. In ta yi kyau tana sauke matsi fiye da kowane ɗigo, kuma ba ta mantuwa ba ta ƙarewa. Wanda ya zo da ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan jijiyarsa ta cinye sosai, matsi 35 ko 40, timolol kaɗai ba zai riƙe shi ba.

Likitar Bayan Ido: Dakta, ka yi haƙuri, ban yarda a sa ta zama ƙa'ida ba. Wanda ba zai iya zuwa sayen magani ba, shi ne kuma ba zai dawo bibiya ba, alhali rabin nasarar wannan tiyata a bibiya take. Makonnin farko kusan kowane sati sai an gan shi, a sassauta zare, a duba ko ƙofar tana rufewa. Jikinmu yana saurin yin tabo, ƙofar tana iya toshewa cikin wata biyu mutum yana gida yana zaton ya warke. Tiyatar kuma tana gaggauta yana. Ga wata ɓarnar da ba a lissafawa: an yi wa mutum aiki, ya koma ƙauye ganinsa bai ƙaru ba, sai labari ya bazu cewa asibiti na kashe ido. Masu yana goma da za su warke sarai sai su fasa zuwa.

Akwai hanya ta tsakiya, lezar SLT, wato haske mai ƙarfi da ake haskawa a magudanar ido don ruwan ya riƙa fita. Minti kaɗan ce, a zaune, babu yanka. Gwajin da aka yi a Tanzaniya aka fitar a 2021 ya nuna bayan shekara ɗaya ta riƙe matsi a idanu kusan ninki biyu na waɗanda timolol ya riƙe. Ƙarfinta yana raguwa da shekaru, amma ana maimaitawa. Matsalarta na'urar ba ko'ina take ba.

Likitan Ido: To ai kin faɗi matsalar da bakinki, Hajiya. Inda babu na'ura, zaɓi biyu ne ya rage. Abin da na yarda da ke a kai shi ne bayani kafin aiki: a zaunar da tsoho da babban ɗansa a ce musu wannan aikin ba zai ƙara gani ba, na tsare abin da ya rage ne. In ba su maimaita maganar da bakinsu ba, kada a shiga ɗakin tiyata.

Jami'in Lafiya na Karkara: Sai azumi. Da yawa suna ajiye kwalba wata guda cur.

Ɗan Famasi: Babu ma bukatar a shiga saɓanin malamai. A mazhabar Malikiyya abin lura shi ne ɗanɗano ya kai maƙogwaro. To timolol a ɗiga lokacin sahur da bayan buɗa baki, latanoprost dama na dare ne. Danna lungun ido da na faɗa yana rage gangarowarsa maƙogwaro. Wanda aka rubuta masa mai sau uku ya koma wa likita kafin azumi a sauya masa.

Kuma don Allah a kula da magungunan jan ido da ƙaiƙayi da ake saya a kemis ba takarda. Duk kwalbar da aka rubuta dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, mai sitiroyid ce. Tana kwantar da ja nan da nan, shi ya sa ake son ta. A wasu mutane tana hawar da matsi cikin 'yan makonni, in an daɗe a kai kuma tana kawo yana.

Sista ta Ɗakin Tiyata: Iyayena da yayyena, a koma kan yana, don maganar "sai ta nuna" ta tsufa. Ta samo asali ne lokacin da ake ciro madubin ɗungurungum. Yanzu ma'auni shi ne: ta hana mutum aikinsa? Tela, direba ko mai karatu ba sai ya makance ba. Barin ta ta wuce kima ma haɗari ne, tana iya kumbura ko ta tsiyaye a cikin ido ta tayar da matsi da ciwo mai tsanani, a rasa idon da da an ceto.

Babu ɗigo, babu kwalli, babu zuma ko ruwan albasa da ke narkar da yana. Aiki ne kawai. Kafin aiki ana auna hawan jini da suga, ana duba ko akwai kwantsa ko ƙurji a fatar ido a fara magance shi, sannan a auna tsawon ido da lanƙwasarsa don a san lambar madubin roba da za a dasa. Dattijon da ke shan tamsulosin saboda wahalar fitsari ya faɗa, ko da ya daina, don yana sa baƙin ido ya yi laushi lokacin aiki. Mai shan asfirin ko maganin tsinka jini kada ya tsayar da kansa, ya tambaya. Ba a sa barci, idon kaɗai ake kashewa. A nan an fi yin aikin ƙaramar tsaga, milimita 6 zuwa 7, yawanci ba ɗinki. Akwai kuma fako, inda na'ura ke farfasa yanar ta zuƙe ta tsagar da ba ta wuce milimita 3 ba. Fako ya fi tsada da saurin warkewa, amma ga yana mai tauri irin wadda tsofaffinmu ke zuwa da ita, ƙaramar tsaga a hannun gwani ba ta gaza shi ba.

Jami'in Lafiya na Karkara: Sista, ki taɓo masu yawo ƙauye-ƙauye suna aikin ido na gargajiya. Har yanzu suna samun kasuwa.

Sista ta Ɗakin Tiyata: Suna samu, don a take mutum yana ganin haske da giftawar mutane, sai a biya. Abin da suke yi shi ne soka tsinke ko allura ta farin ido su ture madubin ya faɗa can cikin ido. Ba a cire shi ba, ba a kuma dasa wani ba. Kwanaki ko makonni bayan sun bar gari sai kumburi, ko ƙwayar cuta, ko matsi ya hau, ko tantanin baya ya ɓalle. A wancan binciken na ƙasa, cikin idanun da aka taɓa saboda yana, sama da kashi 40 cikin ɗari irin wannan aikin aka yi musu, kuma sama da kashi 70 cikin ɗarinsu a makance aka same su. Wanda aka riga aka yi wa, kada a zauna. A kawo shi a auna matsi, wani gilashi mai kauri na wajen +10 yana dawo masa da gani mai amfani.

Likitar Bayan Ido: Kada a manta da masu ciwon suga. Suga yana lalata ƙananan jijiyoyin jini na tantanin gani, su riƙa yoyo, daga baya wasu sababbi marasa ƙwari su tsiro su fashe, jini ya cika ido dare ɗaya. Kafin nan mutum yana gani sarai. Babba da aka gano masa suga, a duba bayan idonsa tun lokacin, don sau da yawa ciwon ya yi shekara da shekaru a jiki, sannan kowace shekara. In tsakiyar tantanin ya kumbura, allura ake yi a cikin ido, irin su Avastin, da farko wata-wata. Wanda ya yi ɗaya ya tsaya ya zubar da kuɗinsa. In sababbin jijiyoyi ne, leza. Tana ɗan rage ganin gefe da na dare, amma tana hana makanta. Kuma mai suga kada ya yanki gilashi lokacin da sugansa ke sama, lambar tana sauyawa, ya bari ya daidaita na 'yan makonni.

Akwai kuma lalacewar tsakiyar tantanin gani ta tsufa, wadda ta fi damun Turawa. Muna da ita, amma ba kamar su ba. Layi miƙaƙƙe sai ya zama a karkace, fuskar mutum ta ɓace a ga kafaɗunsa. Taba sigari na ƙara haɗarinta.

Abubuwa uku ba sa kwana a gida: walƙiya a ido da ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu yawa da wani duhu mai saukowa daga gefe, gani ya ɗauke farat ɗaya a ido guda ko babu zafi, da jan ido mai tsananin ciwo da ciwon kai da amai.

Uwar Zaure: Allah ya saka da alheri. Tambaya ta shigo daga Maraɗi: an yi wa tsohuwa aikin yana shekara biyu da suka wuce, yanzu hazo ya dawo. Yana tana sake fitowa ne? Wata kuma tana tambayar sallah da alwala bayan aiki.

Likitan Ido: Ba ta dawowa. Jakar da aka zaunar da madubin roba a ciki ce bayanta ke dushewa. Lezar YAG ke huda ta, minti biyar, ba yanka. Amma a auna matsi a leƙa jijiya tukuna, kada a ɗora wa jaka laifin gilakoma.

Sista ta Ɗakin Tiyata: Alwala, a wanke fuska a kauce wa idon, sati ɗaya zuwa biyu ruwa kada ya shiga. Sujada, likitoci da yawa suna cewa a yi sallah a zaune da ishara a satin farko, a bi abin da wanda ya yi aikin ya ce. A kwana da murfin roba a idon, kada a murza, a nisanci hayaƙin murhu da ƙurar hunturu, kwalli sai bayan wata guda. Ɗigon bayan aiki sati huɗu zuwa shida ne, ana rage shi a hankali, kuma in ya ƙare kada a je kemis a ƙaro, mai sitiroyid ne. Gilashin karatu bayan sati shida.

Jami'in Lafiya na Karkara: Aikin kyauta na sansani fa, a tura mutane ko a ce su tafi Kaduna ko Kano?

Sista ta Ɗakin Tiyata: Wanda ke da gilakoma tare da yana, ko suga ya taɓa bayan idonsa, ko ido ɗaya ya rage masa, ya tafi inda ake da kayan aiki da bibiya, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitocin koyarwa. Mai yana zalla, sansani mai tsari ya wadatar. A yi tambaya biyu kafin a rubuta suna: za a auna idon kafin a zaɓi madubi, ko lamba ɗaya ake sa wa kowa? Kuma in tawagar ta tafi, wa zai duba shi? Ƙwayar cuta in za ta shiga ido bayan aiki, yawanci a satin farko take nunawa: ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, ja, fatar ido ta kumbura, ganin da ya buɗe ya sake rufewa. Wannan a ranar ake komawa, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.